Ranar da Takalma Suka Taya Haladu

Daren jiya Haladu ya yi wani mafarki, kuma da a bakin wani na ji shi ba a bakinsa ba, da na ce an ƙara gishiri. Amma kafin mafarkin, sai kun ji abin da mutumin ya kwanta da shi a ransa.

Haladu ɗan Malumfashi ne. Tun da shagon buga katin biki da yake wa aiki ya rufe, sana'arsa ta koma ba da shawara a majalisa. Duk layinsu babu wanda ya kai shi sanin yadda ake fara sana'a. Kiwon kaji, cajin waya, teburin shayi, babu wadda bai je ya zauna da masu ita ya tambayi shiga da fitarta ba, ya gyaɗa kai, ya ce zai dawo. Bai taɓa dawowa ba. A yi masa adalci dai, ba lalaci ba ne zalla. Innarsa ce. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita maganarta ta tafi, kuma ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai nasa. An gwada ƙanwarta, an gwada matar wansa. Sai ta datse baki ta juya fuska bango, ko da za a yini ana lallashi.

Wan nasa, Yaya Tukur, shi ke ɗauke da gidan, kuma ya gaji. Ya samo wa Haladu aikin gadi a Fatakwal, ya ce motar safe za ta tsaya masa a bakin titi. Inna kuma za a mayar da ita gidan Yaya Tukur ɗin, in yunwa ta matsa za ta ci.

"In kana da abin yi a garin nan, nuna mini in gani da idona," in ji Yaya Tukur. "In babu, ka shiga mota, kada mu yi ta jan magana."

Jaka ɗaya Haladu ya mallaka, ita ma sai da ya zazzage ta kafin ya sa kayansa. Abin da ke ciki tsofaffin takalma ne, wari-wari. A asibitin garin da takalmi ake riƙe layi, mutum ya ajiye nasa tun duku-duku ya koma gefe. Tun yana riƙe wa Inna, sai tsofaffin unguwa suka shiga ba shi nasu. Yana idar da sallar asuba zai je ya jera su, ya tsaya a kansu kada a ture, in layi ya matso ya buga wa masu su waya. Duk wadda ta kwance haɓar zani za ta ba shi wani abu, amsarsa ɗaya ce: "Haba, a bar shi." Ya tara takalman a bayan ƙofa, ya ajiye jakar a kansu, ya kwanta.

To, a mafarkin, ya buɗe ƙofar gida zai je shago sayen sukari, sai ya ga babu shago, babu kwata, babu layin. Kara ce, kasuwar dabbobi, ta shimfiɗu tun daga dokin ƙofarsu har inda ido ya gaza. Rana tana can ƙarƙashin wata bishiya tana shan inuwa, hasken kuwa daga ƙasa yake fitowa, shi ya sa inuwar kowa tana bisa kansa kamar laima. Haladu ya ce, "Ikon Allah!" Wata tunkiya da ke wucewa a kan keke ta amsa masa da "Sai kallo," ba ta ko waiwayo ba.

A bakin kasuwar akwai tebur, a bayan teburin akwai wani bunsuru da hula da tabarau. Shi ne Sarkin Dillalai. Yana cin wata jarida a natse, ya fara daga shafin baya.

"Me aka kawo?" ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, sana'a nake nema. Wadda ba za ta raba ni da gida ba."

Bunsurun ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya cire tabarau ya dube shi da kyau.

"Kai baƙo ne. A nan mutum ba ya neman sana'a. Sana'a ce ke zuwa ta sayi mutum. Miƙo wuya."

Kafin Haladu ya ce uffan, ya ji igiya. Aka ja shi aka ɗaure a wani turke tsakanin wani mai kwat da wani dogo da ke tuƙar dusa. Ya duba hagu ya duba dama, duk turakun mutane ne, wasu ma ya san su. Abin da ya fi ɗaga masa hankali shi ne babu wanda ke kuka ko ƙorafi. Dogon nan ma miƙo masa kwanon dusar ya yi, ya ce bisimilla.

Sai masu saye suka fara shigowa.

Ta farko ita ce Sayar da Shayi. Wata ƙatuwar buta ce cikin babbar riga, tana tafe tana huci, gwangwanayen madara na biye da ita. Ta tsaya a gabansa ta sa hancinta ta buɗe masa baki, ta duba haƙora.

"Yana jure tsayuwa?"

"Kamar turmi," in ji bunsurun.

"Yana iya wuce sallar isha a bakin titi?"

Bunsurun ya yi ƙasa da murya, irin yadda dillalin kirki kan yi in zai faɗi aibin dabba. "Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Mai uwa ne."

Butar ta ja da baya har murfinta ya yi ƙara. "Mai uwa? Allah Ya kawo kasuwa." Ta wuce.

Haladu ya buɗe baki zai ce tun yaushe uwa ta zama aibi, sai ga Kiwon Kaji. Kaji ne fal a cikin zani ɗaya, sun haɗu sun yi tsayin mace, kuma dukansu ke magana lokaci guda.

"Wannan? Ai mun san shi! Ya sha zuwa ya tambayi kuɗin abincinmu, ya tambayi kuɗin allurarmu, har ya ɗaga ɗayarmu ya auna a hannu. Ya ce mu jira shi ranar Laraba."

"Wace Larabar?" bunsurun ya tambaya.

"Bai faɗa ba. Muna nan muna jira, har wasunmu an soye su."

Kunya ta rufe Haladu. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, ƙasar kuwa ta tsage ɗin, amma da ya leƙa sai ya ga wasu mutane sun riga shi, babu wuri. Ta koma ta rufe.

Cajin Waya ma ta zo, wani tulin wayoyin lantarki da suka cukuikuye, kowane yana jan nasa ɓangaren. Ta soka masa wani abu a kunne, ta saurara, ta ce kansa cike yake taf da shawara amma babu ta inda take fita sai baki. Ba ta ko taya ba.

Sai ya ga kansa a majalisa. Bishiyar dalbejiyar da suke zama a ƙarƙashinta tana nan, amma saiwoyinta ne a sama, ganyen a ƙasa, kuma bencin ne ke zaune a kan mutane. Wasu mata masu ƙiba suka zo wucewa, kowace da yara riƙe da gefen mayafinta. Suka durƙusa suka gaishe shi.

"Ina wuni, Kawu."

"Lafiya lau. Su wa ke nan?"

"Ba ka gane mu ba? Shawarwarinka ne. Ni ce niƙan yaji a ƙulla a leda, da ka faɗa a nan wurin. Mai gyaran rediyo ya ɗauke ni, ga 'ya'yanmu."

"Ni ce wankin kafet gida-gida," in ji ta biyu. "Ina gidan Isiyaku na majalisarku yanzu. Ba ya rage ni da komai."

Haladu ya riƙe baki. Ya tuna ranar da ya faɗi kowace, har da rigar da ke jikinsa. Ya tambaye su ko akwai wadda ta rage ba a ɗauka ba. Suka dubi juna, suka ce akwai wata can baya da ta daɗe tana bin sa, amma ba su san ko tana da sauran numfashi ba. Da ya waiwaya bai ga kowa ba, sai dai ya ji wata 'yar ƙara a ƙasa, fat, fat, fat, ta tsaya da ya tsaya.

Ya koma kan turkensa ba tare da ya taka ko taku ɗaya ba. Kasuwa ta fara watsewa. An sayi mai kwat, an sayi dogon nan har da kwanon dusarsa. Rana ta tashi daga ƙarƙashin bishiya ta karkaɗe riga.

Nan ƙasa ta fara girgiza. Wani ƙaton ƙyauren ƙarfe ne ke tahowa da ƙafafunsa, baƙi wuluk, da tocila a rataye da kulki a hammata. Shi ne Gadi. Bai duba haƙora ba, bai tambayi komai ba. Da ya yi magana kuwa, muryar Yaya Tukur ce sak.

"A kwance mini wannan."

"Mai uwa ne," in ji bunsurun.

"Na sani. Na zo da ludayi."

Ƙyauren ya zaro wani ludayi daga bayansa, ya yi ta zarowa, ya yi ta zarowa, ludayin bai ƙare ba. Sai Haladu ya ga kansa zaune a bakin wani gida a Fatakwal, da kwanon kunu a cinya, yana riƙe da ƙotar ludayin, bakin ludayin kuma yana fuskantar Malumfashi. Ya ɗebi kunu ya miƙa. Ludayin ya kama hanya. A kowane shingen hanya akwai akuya mai hula, ta ɗaga ƙafa ta tsayar da shi, ta tambayi daga ina zuwa ina, ta kurɓa kaɗan don ta tabbatar kunu ne. Ya ratsa daji, ya haye gada, damina ta same shi a hanya ta wuce. Da ya isa ɗakin Inna babu komai a cikinsa sai wani busasshen ganye.

Kuma Inna ta buɗe baki. Wannan ne ya karya masa zuciya. Ta gane ludayin daga hannunsa ya fito, ta buɗe baki tana jira, ta rufe shi a kan ganyen. Ba ta juya fuska bango ba, ta dai ci gaba da kallon ƙofa. Haladu ya kurma ihu, amma a garin nan ihu ciki yake komawa, sai ya ji shi yana yawo a cikinsa.

"Sarkin Dillalai, don girman Allah!" ya ce da ya ga ya dawo kan turke. "Babu wani mai saye? Ko wace iri ce, ko ta kwasar kashin shanu ce!"

Bunsurun ya duba agogon da ke ɗaure a ƙahonsa. "Doka ita ce, in rana ta koma gabas, duk wanda ya kwana a turke na Gadi ne. Ga ta can ta kama hanya." Ya ɗaga murya. "Akwai mai tayi? Akwai mai tayi kafin a sallama?"

Fat, fat, fat.

Takalma ne. Sun fito daga bayan turken a jere, wari-wari, babu ƙafa a cikin ko ɗaya. Na gaba wani silifa ne shuɗi da aka ɗaure maɗaurinsa da ƙusa. Haladu ya san shi kamar tafin hannunsa, na Baba Lantana ne, tsohuwar da gidanta ke kallon nasu, mai ciwon gwiwa. Bayansa kuma fade ɗin Malam Na'iya mai hawan jini, sai takalmin roba na wata mai ciki, sai sauran. Duk sun rame, sun yi furu-furu, wani ma sai an tallafe shi.

"Salamu alaikum," in ji silifan, da muryar Baba Lantana. "Mun zo tayi."

"Wace sana'a ce ku?" bunsurun ya tambaya.

"Riƙon Layi."

Haladu ya yi dariyar da bai shirya ba. "Haba, Baba! Ku ai ba sana'a ba ne. Ku taimako ne. Zumunci ne kawai."

"To mu ci zumuncin mu ƙoshi? Dube mu fa. Tun da muke bin ka, ka taɓa barin mu sa wani abu a baki? Duk ranar da aka kwance mana haɓar zani sai ka kore shi." Silifan ya juya ya nuna baya da ƙusarsa. "Ka ga waɗancan?"

Haladu ya ɗaga kai. Can nesa, bayan wata katanga, takalma ne jibge, sun fi na gabansa yawa nesa ba kusa ba. Suna leƙowa suna komawa.

"Na unguwar bayan makabarta ne, da na Tudun Masaƙa, da na ƙauyukan da ke kwana a hanya don su kama layi. Sun daɗe suna son zuwa. Amma an ce musu ba ka karɓar komai, su kuma ba su san ka ba balle su ɗora maka wahala a banza. Kunya ta hana su."

Sai a lokacin Haladu ya gane. Shi duk zamansa yana ganin ƙin karɓar nan shi ne mutuncinsa, ashe ƙofa ya rufe ya zauna a bayanta yana jiran baƙi.

"An san mai uwa ne?" bunsurun ya tambaya.

"Don uwar muke son sa. Wanda bai taɓa jinya ba, ba ya tsayawa a kan takalmin wani."

Bunsurun ya gyara hula. Ya kama hannun Haladu da ƙafarsa ta dama, ya kama maɗaurin silifan da ta hagu, ya shiga girgiza su yadda dillalai ke yi in ciniki ya kusa faɗawa.

"Faɗi tayinki, Baba."

"Daga asuba zuwa hantsi namu ne. Sauran yinin nasa ne da Innarsa. Kowane takalmi zai zo da abin da ya sawwaƙa, kullum."

Rana ta tsaya da ƙafa ɗaya a gabas. Kajin nan suka leƙo daga cikin zaninsu. Ƙyauren ƙarfe ya kashe tocilarsa don ya ji da kyau.

"Ka ji tayi," in ji bunsurun. "Ka sallama?"

Zuciyar Haladu ta ce na sallama. Hantarsa ta ce na sallama. Har gwiwoyinsa sun faɗa, kowa ya ji su. Amma baki ya riga ya saba, kuma bai yi shawara da kowa ba. Ya ji leɓɓansa sun yi murmushin nan na ɗan mutunci, kansa ya karkace gefe, sai ga magana ta fito a fili:

"Haba, a bar shi."

Ya tsaya yana jiran a ce masa a'a, karɓi mana, don Allah karɓi, yadda ake yi a garin mutane. Babu wanda ya ce. A can ba a tayi sau biyu.

"An bar shi!" bunsurun ya yi shela, ya saki hannunsa.

"Innalillahi! Ba haka nake nufi ba! Baba! Baba Lantana!"

Takalman sun riga sun juya. Suna tafiya a jere, a hankali, irin tafiyar masu ciwon gwiwa, amma duk yadda ya miƙa hannu bai kai ba, igiya ta riƙe shi. Na bayan katanga suka watse. Rana ta sa ɗaya ƙafar. Ƙyauren ya wangale, cikinsa duhu, ana jin ƙarar injin mota da ƙaurin mai. Daga can ciki aka miƙo masa ƙotar ludayin. Ƙyauren ya fara rufowa a kansa, yana bugawa, kwam, kwam, kwam.

Kwam, kwam, kwam.

Haladu ya zabura ya tashi zaune, jiƙe da gumi, hannunsa a wuya yana laluben igiya. An idar da sallah a masallacin layi, gari ya fara haske. Ƙofar gidansu ta langa-langa ake bugawa.

Ya fita ya buɗe. Baba Lantana ce, da carbi a wuya, tana riƙe da warin silifa shuɗi. Da shi take bugun ƙofar, don yatsunta ba sa son ƙarfe da sanyin safiya.

"Haladu, lafiya kake kallona kamar ka ga fatalwa? An ce yau za ka tafi Kudu. Na ce to bari in zo a yi mini na ban kwana, yau ranar likitan ƙashi ce. Wancan warin yana wurinka, ga ɗan'uwansa, na ƙanwata ce za a riƙe wa, ta bayan makabarta. Ta daɗe tana so, kunya take ji. Su da yawa ne a can, wallahi, ban san yadda za su yi ba." Ta sa silifan a hammata, ta kama haɓar zaninta ta fara kwancewa da haƙori. "Wannan kuma ita ta ce lallai in ba ka, na ce mata ba ya karɓa."

Haladu ya ji abin yana tahowa. Ya ji murmushin ya fara, ya ji kansa yana karkacewa gefe, ya ji leɓɓansa sun buɗe.

"Haba..."

Daga cikin ɗaki aka buga cokali a jikin kwano. Inna ce ta farka, haka take kiran sa da hannunta mai lafiya in tana son kununta.

Haladu ya sa tafin hagu ya toshe bakinsa da ƙarfi, har Baba Lantana ta ja da baya. Sannan ya miƙa mata na dama, a buɗe.

Tsohuwar ta dubi hannun, ta dube shi. Ta zuba masa abin da ke cikin ƙullin, ta ɗora silifan a kai.

"Baba," ya ce ta tsakanin yatsunsa, "ki ce wa na bayan makabartar su kawo nasu gobe. Dukansu."

"Gobe? Ba yau za ka tafi ba?"

"Ina zuwa, Inna!" ya ce, ya juya. Ya ɗaga jakar daga kan takalman ya zazzage kayan sawarsa a kan tabarma.